Motar tsere tana gasa ka a ciki? Kar ka fara da ƙara gas, nemo inda zafin yake shigowa

Duk wanda ya taɓa zama cikin 'yar motar tsere mai kujera biyu da tsakar rana a ƙasa mai zafi ya san abin da zan faɗa. AC na kunne, fanka na hurawa har ƙararta ta ishe ka, fuskarka da ɗan sanyi-sanyi, amma ƙafar da ke jikin tudun giya, wato tudun nan na tsakiyar mota inda sandar canja giya take, kamar ka kara ta a bakin murhu, bayan rigarka kuwa sharkaf da gumi. Abin da kusan kowa yake yi shi ne ya zarce wajen mai AC ya ce a ƙara gas, a ƙara, bayan kwana biyu a koma gidan jiya. Ni ma sau uku na yi hakan a lokacin zafi guda ɗaya kafin na gane cewa AC ɗina lafiyarta ƙalau, zafin da yake kwararowa cikin motar ne ya fi ƙarfinta. Ɗiban ruwa da kwando kawai nake yi.

To me ya sa irin waɗannan motocin suka fi sauran wannan matsalar? Ka duba yadda aka ƙera su mana. Kana zaune ƙasa-ƙasa, tsakaninka da salansa bai wuce kaurin faranti ɗaya na ƙarfe da kafet ba. In injin a gaba yake, an turo shi baya sosai don nauyi ya daidaita, sai giyabos ya zama yana kwance a gefen cinyarka, ƙafafunka kuma sun miƙe har gefen injin. In kuma injin a bayan kujera yake kamar Toyota MR2 ko Porsche Boxster ko Lotus Elise, to lagireto yana can gaba, bututun ruwan zafi sai sun ratsa ta ƙarƙashinka ko ta gefunan motar kafin su isa can su dawo. Ga gilashin gaba an kwantar da shi sosai yana kwasar rana, ga ɗakin ƙarami ne, ga kujeru yawanci baƙar fata. Kuma ba sabon abu ba ne fa, Corvette ɗin da aka yi daga 1968 zuwa 1982 ta yi suna wajen gasa ƙafa, Dodge Viper ta farko ta 1992 salansarta ta gefen ƙofa ta bi, ko AC ba ta zo da ita ba. Don haka kar ka ɗauka taka ce kaɗai aka yi wa baki, sai dai akwai zafin da na ƙira ne, akwai kuma wanda na lalacewa ne, kuma na biyun shi ya fi yawa a motar da ta ɗan kwana biyu.

Kafin komai, don Allah abu ɗaya. In kana jin warin hayaƙin salansa a ciki, ko kana sauka daga mota da ciwon kai da jiri da wani irin barci-barci, ajiye maganar zafi tukuna. Ramin da yake shigo da zafi shi ne yake shigo da hayaƙi, kuma iskar guba ta kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, a ƙaramin ɗaki da gilashi a rufe tana kashewa. A hau da motar kan rami a duba salansa tun daga bakin injin har wutsiya, duk inda ka ga baƙin toka-toka a wajen haɗi to nan yake huci, a gyara shi yau ba gobe ba.

Yanzu aikin bincike. Kayan da kake buƙata ba su da yawa: tocila mai haske, 'yar na'urar auna zafi mai tsinke wadda za ka cusa a bakin AC, sai kuma irin mai kama da bindiga da ake saitawa daga nesa ta nuna zafin wuri. Wannan ta ƙarshen ita ta buɗe min ido gaskiya. Ka fita da motar da daddare, lokacin da babu rana ko kaɗan, ka yi tafiyar minti 30 zuwa 40, ka tsaya ka auna kafet ta wajen ƙafa, gefen tudun giya dama da hagu, ƙarƙashin kujera, da bangon da ke bayan kujera. Ka rubuta lambobin a waya. In da dare ma wurin ƙafa yana ƙuna, to rana ba ta da laifi, injin da salansa ne. In kuma da dare komai lafiya lau sai da rana ne abin yake rikicewa, to gilashi da rufi za ka fi bai wa ƙarfi. Sannan ka sa mai tsinken nan a bakin iskar tsakiya, AC a kan mafi sanyi, iska tana zagayawa a ciki, kana tafiya. In kana ganin wajen digiri 5 zuwa 10 na salshiyos, AC ɗinka tana aikinta, ka ƙyale gas ɗinta ya huta.

Wurin farko da za ka duba, kuma wanda ya fi sauƙin gyara amma aka fi mantawa da shi, shi ne ramuka. A tawa motar abin da ya faru ke nan. Wata rana da dare ina tafiya na ɗora hannu kusa da sandar giya sai na ji wata iska mai zafi tana busowa ta tsakanin ɗinkin fatar da ke rufe sandar, kamar numfashin mai zazzaɓi. Da gari ya waye na kwance murfin tsakiya, sukurori kaɗan ne, na ɗaga fatar, sai ga robar da ke ƙarƙashi ta yage gida biyu ta bushe ƙamas, ina leƙawa ina hango saman giyabos da ƙasan titi. Wato duk tsawon lokacin nan akwai taga a buɗe tsakanina da salansa. Masu Mazda MX-5, wadda ta fara fitowa a 1989, sun san wannan sarai, robar nan tana yagewa da tsufa, kuma canja ta aikin awa ɗaya ne ko ƙasa da haka. Fatar sama ado ce kawai, ta ƙasan ce mai tare zafi.

Daga nan ka koma kan bangon ƙarfen da ya raba injin da cikin mota. Wayoyi da sandar sitiyari da wayar kuloci da tiyon hita duk ta nan suke ratsawa, kowanne da 'yar robarsa mai toshe gefe. Masu sa rediyo da masu rewaya sukan huda robar nan ko su cire ta gaba ɗaya don su zura waya, su tafi su bar ramin a haka. Hanyar ganowa mai sauƙi ce: da dare ka buɗe bonet, wani ya riƙe tocila yana haska bangon daga wajen injin, kai kuma ka kwanta a ƙasan sitiyari, kanka yana wajen birki, kana kallo. Duk inda haske ya ɓullo, ta nan zafi yake ɓullowa. Ka sa sabuwar roba ko ka toshe da gam mai jure zafi. Ka duba kuma doguwar robar da ke bakin bonet ta wajen gilashi, wasu suna cire ta wai don injin ya sha iska, alhali daidai wurin ne mota take zuƙar iskar da take hura maka, sai ka ga hucin injin yana fita ta nan yana faɗawa kai tsaye cikin fankarka.

Abu na biyu shi ne hita, kuma a nan nake so in ɗan daɗe don mutane da yawa a ƙasashen zafi sun manta ma motarsu tana da ita. A cikin dashbod akwai wani ɗan ƙaramin lagireto, ruwan injin mai zafin wajen digiri 90 yana bi ta cikinsa, kuma a motoci da yawa ruwan yana zagayawa ne kullum ko ka kunna hita ko ba ka kunna ba. Abin da yake hana zafinsa iso ka wata 'yar ƙofa ce ta roba mai soso a gefenta, ita take karkata iska ta bi ta sanyi ko ta zafi. In soson ya ruɓe, ko ɗan motan da yake juya ƙofar ya lalace, ko wayar da take jan ƙofar ta saki, ƙofar ba ta rufuwa ruf, sai AC ta sanyaya iska hita ta sake ɗumama ta kafin ta fito. Alamarta, da safe injin na sanyi AC kamar ƙanƙara, da injin ya ɗau zafi sai sanyin ya dinga raguwa. Wani lokacin ma za ka ga ɓurɓushin baƙin soso yana fitowa ta bakin iska yana zuba a kan wandonka.

Gwajin ba wuya. Injin yana sanyi, ka nemo tiyo biyun da suke shiga bangon zuwa hita, ka matse ɗaya da filayar matse tiyo, ba mai haƙora ba don kar ta yanka shi, ka yi tafiyar da ka saba ka sake auna bakin iska. In sanyin ya ƙaru da digiri masu yawa, ka kama ɓarawonka. Gyaran gaskiya shi ne a gyara ƙofar, sai dai a wasu motocin sai an sauke dashbod gaba ɗaya, shi ya sa da yawa suke zaɓar su raba hitar da ruwa, a cire tiyo biyun a haɗa su da juna da lanƙwasasshen bututu. Ni ina ganin wannan dabara ce mai kyau a inda sanyi ba ya damun mutane, amma a haɗa su ne, kar a toshe su dindindin, don akwai injinan da zagayen ruwan nan yana cikin lissafin yadda suke sanyaya kansu. Kuma ka sani ka rasa iskar ɗumi ta goge hazon gilashi, sai dai AC ta yi maka wannan aikin lokacin ruwan sama. In kana iya samun famfon da ake sawa mai buɗewa da rufewa wanda yake barin ruwa ya zagaya ta gefe, shi ya fi.

Af, tunda muna maganar ruwa, akwai bakaniken da ya taɓa ce min, a kan tamostat, wato 'yar na'urar da take tare ruwan injin har sai ya ɗau zafi, "Ranka ya daɗe, mu cire tamostat kawai, ƙasar zafi ba ta buƙatarsa." Na ce masa, "A'a malam, bar min shi a wurinsa." Cire shi ba ya rage zafin ɗaki, injin ne kawai zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai. In motar tana obahitin to dalilin za a nema, kuma ka tuna motoci da yawa kwamfutarsu tana kashe kwamfiresa, wato famfon da yake matsa gas ɗin AC, da kanta in zafin injin ya haura, ko in ka taka totur har ƙasa, don haka AC da take ɗaukewa a cunkoso wani lokacin saƙo ne daga lagireto.

Na uku, salansa. Katalis, wato tukunyar nan mai tace hayaƙi, tana aiki ne a zafin digiri 400 zuwa 800, kuma a motar tsere sau da yawa tana nan daidai ƙarƙashin ƙafarka ko gefen kujera. Kamfani ya sa mata faranti na alminiyam mai sheƙi tsakaninta da daɓen mota, amma da ya fara ƙara kwaram-kwaram saboda kusa ta ci tsatsa sai a fizge shi a jefar, ko a canja salansa a sa ta kasuwa mai ƙara a manta da shi. Ka leƙa ƙasa ka ƙirga, duk inda ka ga kusoshi a tsaye babu abin da suke riƙewa to faranti ne ya tafi. A mayar da shi. Sirrin farantin nan ba kaurinsa ba ne, sheƙinsa ne da kuma tazarar iska, fuska mai sheƙi tana kallon salansa, da sarari kamar yatsa ɗaya ko biyu ta kowane gefe. In ka manna shi jikin bututu ko jikin daɓe babu sarari ka rage masa amfani sosai.

Sannan ka tambayi kanka ko salansar tana yin zafin da ya wuce ƙa'ida. Fulogi ɗaya da ba ya ƙona mai da kyau yana tura ɗanyen fetur cikin katalis ya je ya ƙone a can, har tukunyar ta yi jajir. Katalis da ta toshe ma haka, za ka ji mota ta yi nauyi ba ta ja. In fitilar injin tana kunne a dashbod, a sa kwamfuta a karanta kafin ka kashe kuɗi a kan kayan tare zafi.

Maganar naɗe bututun salansa da ƙyallen nan mai jure wuta, yana rage huci kam, ba ƙarya, amma ni ba na son sa a motar hawa ta yau da kullum. Yana riƙe danshi ya sa tsatsa, yana iya sa bututu ya tsage, in kuma baƙin mai ya ɗiga ya jiƙa shi to ka ajiye abin kama wuta a ƙarƙashin bonet. Fentin seramik da ake yi wa bututun ya fi min kwanciyar hankali. Katalis kuwa kar a kuskura a naɗe ta.

Ta ciki kuma, in ka gama da waje har yanzu kafet na ɗumi, sai a shimfiɗa abin tare zafi. A cire kan batir a jira 'yan mintuna kafin a taɓa wayoyin ƙarƙashin kujera saboda jakar iska mai fashewa ta kare mutum lokacin hatsari, a fitar da kujeru da kafet, a goge daɓen tas, a shimfiɗa a kan tudun giya da wurin ƙafa da bangon bayan kujera, a liƙe bakunan da salatif na alminiyam. A nan mutane suke yin kuskure: baƙin faifan nan mai nauyi da ake mannawa don rage ƙara, na ƙara ne, zafi kaɗan yake tarewa, abin da kake so shi ne tabarma mai kauri ta zare mai jure wuta ko soso mai rufaffun ƙofofi da aka yi don mota. Soson katifa da kwali da irin faifan kwalta na rufin gini duk ba wurinsu ba ne, na kwaltar in ya ji zafi narkewa yake ya cika maka mota da wari. Kuma ka tabbata kaurin bai hana kuloci ko birki sauka har ƙasa ba, ka taka su ka gwada kafin ka tayar da mota.

Sai rana. Motar da aka ajiye a rana, iskar cikinta tana iya haura ta waje da wajen digiri 20 cikin awa ɗaya, kuma mafi yawan hawan a rabin awar farko yake faruwa, dashbod kuwa yana wuce digiri 70 ba wasa. Ɗan sassauta gilashi kaɗan ba ya wani taimakawa sosai, shi ya sa ba a barin yaro ko dabba a ciki ko na minti biyar ne. Abin da yake aiki shi ne inuwa, in babu ita to mayafin gilashi mai sheƙi wanda ya rufe gilashin gaba kaf, ka juya bayan motar ga rana in za ka iya, ka yafa farin tawul a kan kujera da sitiyari. Wajen sa ledar gilashi kuma kar duhu ya ruɗe ka, leda mai arha baƙa ƙirin tana iya barin zafi ya wuce, ta seramik mai haske tana iya fin ta tarewa don ita hasken da ido ba ya gani take tsayarwa, wanda shi ne yake ɗauke da kaso mai yawa na zafin. Mai ƙarfe-ƙarfe a ciki tana iya damun sabis ɗin waya. Ka binciki dokar inda kake a kan duhun gilashi tun kafin a manna. Mai motar da rufinta na yadi ne, baƙin rufi marar shafi ta ciki yana sauko maka da zafi a tsakar ka, a sa masa shafi, kuma buɗe rufi da tsakar rana ba sanyi ba ne, gashi ne kai tsaye.

To yanzu ne, bayan duk wannan, za mu zo kan AC ɗin kanta, in awon da ka yi tun farko ya nuna ba ta kai ba. Ka lura da halinta. In tana sanyi a kan babban titi amma ta mutu a cunkoso, iska ce ba ta ratsa kwandensa, wato lagireton AC da ke gaban mota: ko fanka ba ta tashi, a duba fiyus da rile da motan fankar, ko datti ya toshe. Motar tsere bakinta a ƙasa yake, tana shara ne tana tafiya, ganye da leda da ƙura duk suna taruwa, a Porsche Boxster da Porsche 911 an san su da taruwa a lungun da ke tsakanin kwandensa da lagireto har su ruɓar da ƙarfen, sai an cire bamba ake kwashe su da kyau. Gwada fesa wa kwandensa ruwa mota tana tsaye AC na kunne, in sanyi ya ƙaru nan take to ka tabbatar matsalar iska ce. Wankewa da ruwa mai laushi, injin wanki mai ƙarfi yana kwantar da siraran haƙarƙarinta. In kuma sanyin yana nan amma iskar ce ba ƙarfi, filtar ɗaki ce ta cika, canja ta.

In har gas ne ya ragu, to akwai inda yake zurarewa, don AC ba ta cin gas kamar yadda injin yake cin mai. A nemo wurin, yawanci za ka ga danshin mai da ƙura ta manne a wajen haɗi, a gyara, a canja dirayar da take tsotse danshi, a zuƙe iskar ciki da injin zuƙa na aƙalla rabin awa, sannan a zuba gas da sikeli daidai giram ɗin da aka rubuta a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Da sikeli fa, ba da taɓa bututu da hannu ba. Gas da ya yi yawa yana rage sanyi ne, matsi ya hau, kwamfiresa ta dinga yankewa. Kuma a zuba irin wanda motar ta zo da shi, tsofaffi sosai R12, daga tsakiyar shekarun 1990 R134a, sababbi da yawa R1234yf, ba a cakuɗa su.

In ka zo shiga motar da ta sha rana, kar ka rufe kanka ka danna zagayen iska nan take, don iskar ciki ta fi ta waje zafi a lokacin. Sauke gilasai duka, kunna AC a kan iskar waje, fanka a sama, ka ja motar minti biyu ko uku zafin ya fice, sannan ka ɗaga gilasai ka mayar da ita zagayen ciki. Ka raba iskar tsakanin fuska da ƙafa tunda ƙasan ne yake da murhu, kuma in kai kaɗai ne a motar ka rufe bakin iskar ɗaya kujerar, duk ta dawo wajenka.